Da Baffa Ya Kife Hannunsa

A shekarun da nake koyarwa a wata sakandare a Roni, ni ne malamin muhawara. Duk ɗalibin da za a tura gasa sai ya bi ta hannuna. Ina da ƙa'idojin da na kwaso daga kwaleji, kuma ina ji da su: ka miƙe tsaye ƙyam, ka kalli mutane cikin ido, ka sa hannunka ya taya bakinka, hujjarka mafi nauyi kuwa ka ajiye ta sai ƙarshe, ka danƙara ta, ka zauna. Da wannan ɗalibaina suka ciyo kofi a Kazaure. Saboda haka a lokacin in aka ce wa ya iya magana a gaban jama'a, ba na ko waiwayawa in ga ko da wani ake.

Ƙauyenmu yana ƙasar Gwiwa, nesa kaɗan da kwalta. Abin da ya riƙe shi tun kakanni kasuwa ce mai ci ranar Talata. Ba wata babba ba ce, rumfunan kara ne, da 'yan awon gero da gyaɗa, da mahauta, da 'yan koli, da Fulani masu kawo nono. Amma a ranar ne mata ke fitar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, a ranar ne ɗan acaɓa da mai shayi ke samun na cefanen mako. Sai maƙwabtanmu, waɗanda kwalta ta ratsa ta ƙofar garinsu, suka kafa tasu kasuwar, ita ma Talata. Motoci suka daina shigowa wajenmu. Wa zai bar kwalta ya faɗa yashi? Da abin ya ishi dattawa aka kai kuka wurin hakimi, shi kuma ya sa ranar zama, kowane gari ya zo da mai magana da yawunsa. Buƙatarmu ɗaya ce, su matsar da ranar tasu.

Shekara da shekaru mai magana da yawun garinmu ƙanin mahaifina ne, wanda muke kira Baffa. Rikicin gona ne, neman aure ne, gaisuwar mutuwa ce, shi ake sa wa a gaba. Bai yi boko ba. To, a daminar da ta wuce hawan jini ya kayar da shi a gona, ya tashi da shanyewar ɓarin dama, harshe kuma ya tafi. Yana ji, yana gane komai, yana dogara sanda yana jan ƙafa, amma ban da “Allah” babu kalmar da ke fita daga bakinsa. Hagu ce kaɗai ta rage masa, shi kuwa mutum ne da bai taɓa miƙa wa kowa hagu ba, don haka ya daina musafaha gaba ɗaya. In an gaishe shi sai ya dafa ƙirji.

Dattawa suka ce ai ga ɗansa malamin makaranta. Na karɓa nan take, ko ɗan noƙewar nan ta al'ada ban yi ba.

Na rubuta shafi huɗu. Na farko gaisuwa da tarihin kasuwa, na biyu abin da take ciyarwa, na uku roƙonmu. Na huɗu shi ne abin alfaharina. Lokacin da maƙwabta ke shirin kafa kasuwarsu, dagacinsu, wani dattijo sa'an Baffa, ya zo har zauren Baffa ya ce a gaban shaidu ba za su taɓa Talata ba. Shaidun suna raye. Na tsara maganar yadda ba ta da ƙofar fita, na karanta wa kaina, na ji daɗinta.

Lokacin hutun makaranta ne, sai matar Baffa, wadda muke kira Inna, ta aiko cewa yana so in riƙa zuwa bayan la'asar ina gwadawa a gabansa. Na je ne don girmamawa, a raina ina cewa me mutumin da ba ya magana zai koya wa malamin muhawara. Yana zaune a kan buzu a zaure, carbi a hagunsa. Inna tana daga bakin ƙofar cikin gida tana ɓarar gyaɗa, ita ce tafinta.

Na gyara riga, na miƙe. Ban kai ga sallama ba ya maƙalo gefen rigata da kan sandarsa ya ja ƙasa.

“Ya ce ka zauna,” in ji Inna. “A gaban hakimi za ka tsaya a kan mutane kamar mai gwanjo?”

Na zauna na miƙe ƙafa ɗaya, sanda ta sauka a kan idon sawuna. Na tanƙwashe. Na ɗago na zuba masa ido yadda nake koya wa ɗalibai, shi ma ya zuba mini nasa, bai ƙifta ba, har sai da na ji wuyana ya sunkuya da kansa. Sai ya ɗaga hannunsa mai carbi ya girgiza shi. Nan zan kalla ke nan. Da magana ta yi daɗi na ɗaga manuniya, ya kama yatsan ya lanƙwashe shi cikin tafin hannuna, ya mayar da hannun kan gwiwata ya danne. A wuni ɗaya uku daga cikin ƙa'idojina suka tafi, kuma na koma gida da haushi.

Kwanakin da suka biyo baya shi ya zama hakimi a gwajin namu. A hankali na gane abin da yake yi da carbin. In maganata ta shiga, yatsunsa sai su tsaya cak a kan ƙwaya ɗaya. In na shiga kewaye-kewaye, sai ƙwayoyin su fara gudu. Ran da na jero wasu manyan kalmomi irin na rediyo, sai ya rufe ido. Na tsaya, na ce wa Inna Baffa ya gaji, barci yake ji.

“Wane barci?” in ji ta, ba ta ko daina ɓarar gyaɗarta ba. “In babba ya rufe ido kana magana, kunya yake taya ka ji.”

Na soke kalmomin. Gaskiya, jawabin ya fi kyau bayan na soke su, ko da yake ban faɗa wa kowa haka ba.

Akwai alama ɗaya da ta fi sauran. Yakan ajiye carbi, ya kife tafin hannunsa a kan tabarma, a hankali, ba tare da ya buga ba. Inna ta ce haka mahaifinsa yake yi masa tun yana saurayi in sun je zaman sulhu. “In ka ga ya kife hannu, ko a tsakiyar kalma kake, ka haɗiye sauran. Ka yi wa hakimi addu'a ka yi shiru. Kai kana jin bakinka ne, Baffanka kuwa yana kallon mutane.”

Kullum a wuri ɗaya yake kife shi, a ƙarshen shafi na uku. Rana ta huɗu ma miƙo hannu ya yi ya zare shafi na huɗun daga cikin takarduna, ya ninke, ya tura ƙarƙashin buzu ya zauna a kai.

Na ce, “Baffa, ai wannan ita ce hujjar tamu. A zauren nan aka yi, kana wurin.”

Ya gyaɗa kai, yana wurin. Sai ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa, ya bar kansa a buɗe, furfura da sanƙo duk a fili, ya dube ni. Tun da nake ban taɓa ganin kan Baffa ba hula ba. Ni na fara kawar da ido.

“Ka ji,” in ji Inna. “Ya ce hular dattijo za ka tuɓe a bainar jama'a.”

Na ce to, na bari. Takardar tana ƙarƙashin buzu, amma na riga na haddace ta. In na koma gida nakan tsaya gaban madubi in maimaita ta, wai don ko ta kwana.

Ranar zama na ɗauki Baffa a babur ɗina da hantsi. Aka ɗora shi, aka gitta sandarsa a tsakaninmu, ya kama kafaɗata da hagunsa ya riƙe gam. Duk inda muka shiga yashi sai in ji yatsunsa sun ƙara matsewa. Haka muka je har ƙofar gidan hakimi.

Muka tuɓe takalma, muka durƙusa muka kwashi gaisuwa, aka nuna mana gefenmu. Maƙwabta suna ɗaya gefen, dagacinsu a gaba, dogo, siriri, da farin gemu. Kafin a fara ya taso ya zo wurin Baffa, suka daɗe suna gaisawa, ɗaya da baki, ɗaya da hannu a ƙirji. Baffa ya zauna kusa da ni, ya ɗan matsa gaba yadda hannunsa zai kasance a idona. Hakimi yana kan kujera, shi ma da carbinsa.

Aka ba ni dama. Na yi magana a zaune, murya ƙasa-ƙasa, hannuwana a kan gwiwa, idona a kan carbin hakimi. Da na zo kan matan da ke soya ƙuli-ƙuli tun ranar Litinin, su wuni a rumfa, su koma gida da shi a kwano yadda suka fito da shi, carbin ya tsaya. Bai sake motsi ba har na shiga roƙo. Na ji wani daɗi ya taso mini tun daga ciki. Ashe abin da Baffa ya nuna mini yana aiki.

Ina gab da ƙare shafi na uku sai na hango dagacin maƙwabta ta gefen ido. Tun da na fara kansa a sunkuye yake. Yanzu ya ɗago, ya dubi Baffa, ya tattara hannuwan babbar rigarsa ya aza a kafaɗa, ya yi gyaran murya a hankali. Kowa a ƙasarmu ya san wannan, mutum ne ke shirin karɓar magana.

Baffa ya kife hannunsa a kan tabarma.

Na gani. Ba zan ce ban gani ba, don sau da yawa na so in ce haka. Abin da ya zo mini shi ne, tsohon nan zai musa ne, gara in riga shi. Kuma maganar tana kan harshena, a goge, a shirye, kamar sabuwar riga da mutum ke ƙagarar sawa. Na ɗaga kai, na dubi dattijon cikin ido, na tuna masa ranar da ya zo zauren Baffa, da abin da ya faɗa, da waɗanda suka ji. Har manuniyar nan da aka lanƙwashe mini sai da ta miƙe. Na rufe da tambaya, ina alkawarin ya tafi?

Dattijon ya sa hannu ya sauke hannuwan rigarsa daga kafaɗa, ɗaya bayan ɗaya, ya gyara zaman hularsa, ya mayar da kansa ƙasa. Na waiwayi carbin hakimi, ƙwayoyi suna gudu, idonsa a rufe.

Can ya buɗe ido ya ce, “Dagaci, akwai magana?”

“Ranka ya daɗe, ai yaro ya gama magana.”

“To, mun ji. Za a duba.”

Aka shafa fatiha. Duk wanda ya taɓa zama a irin wurin nan ya san inda “za a duba” take kwana.

A waje, wajen neman takalma, samarin garinmu suka yanyame ni, wannan ya kama hannu, wancan ya dafa kafaɗa, wai na gama da su. Ina cikin amsawa sai ga dagacin ya nufo mu. Ya wuce ni kamar ba a halicce ni ba, ya sunkuya wurin Baffa.

“Malam, na ga hannunka, Allah ya saka da alheri. Wallahi da maganar mayar da kasuwarmu Laraba na taho a bakina, mutanena ma mun gama magana da su tun jiya. Amma yanzu in na faɗa, cewa za a yi kama ni aka yi. Ka yi haƙuri.”

Baffa ya dube shi ya ce, “Allah.” Dattijon ya juya ya tafi. Samarin ba su ji ba, ni na ji, kuma kunyar da ta rufe ni a wurin ban taɓa jin irinta ba.

Ba a sake kiran zaman ba. Kasuwarmu ta ja 'yan shekaru tana raguwa, mahauta suka fara tashi, 'yan awo suka bi su. Yanzu rogo ake shukawa a filin. Matan garinmu suna kai ƙuli-ƙulinsu bakin kwalta ranar Talata, su hau babur zuwa da dawowa. Babu wanda ya taɓa ɗora mini laifi. Har yau akwai masu tuna mini jawabin nan da yabo, in yi murmushi in kawo wata magana.

Ranar dai, da jama'a suka watse, aka taya ni ɗora Baffa a babur, aka gitta sandar kamar ɗazu. Na tayar da inji, na jira in ji hannunsa a kafaɗata. Shiru. Na ce, “Baffa, ka riƙe ni, akwai yashi a gaba.” Da na waiwaya sai na ga ya mayar da hagunsa baya, ya kama ƙarfen ɗaura kaya na babur ɗin.

A haka muka taho. Na bi a hankali, ina sauke ƙafa a duk inda yashi ya yi zurfi, kuma har muka iso ƙofar zaure bai saki ƙarfen ba.