Damin Aro

Akwai wani fako a arewacin ƙauyenmu, kan hanyar Barmu, wanda tun ina yarinya ko akuya ba ta tsayawa a kai. Jar ƙasa ce mai tauri, tsakuwa zalla, in ruwa ya sauka sai ya zarce kwari abinsa. Gadon kakanmu ne, amma irin gadon da ba wanda ke faɗa a kansa.

Wannan fakon Baba ya ba Gwaggo aro. Ba mu haɗa jini da ita ba, maƙwabciyarmu ce. Mijinta makiyayi ne daga arewa, fari ya cinye dabbobinsa, shi ma bai daɗe ba ya bi su, ya bar ta da ƴaƴa mata. Da ta zo roƙon wurin shuka, Baba har dariya ya yi. Ya ce, "In kin iya tatso hatsi ga dutsin ga, tahi ki tatsa."

Aron gona a wurinmu yana da ƙa'ida. Ba ka dasa itace, ba ka haƙa rijiya, kuma duk kaka ka ɗauki dami ɗaya ka kai gidan mai gona da rana tsaka, kowa na gani. Damin ba zai cika rumbu ba, amfaninsa dai kada a manta da mai ƙasa.

Gwaggo ta shiga fakon nan da rani, lokacin da mazan garin duk sun tafi bida, wato neman kuɗi a wasu garuruwa. Ta yi ta haƙa tassa, ƙananan ramukan nan da ake zuba wa taki don su riƙe ruwa. Ta jera duwatsu su tare gudun ruwa. Kashin awaki kuwa, da ƙwarya take bin gari tana tsinta, har muka riƙa yi mata tsiya cewa ta fi buzuzu himma. Damin da ta kawo a shekarar farko bai fi tsintsiya kauri ba. Mu yara muka bushe da dariya, Baba ya daka mana tsawa, ya karɓa da hannu biyu.

Shekara na bin shekara, damin na ƙara ƙiba. Har gawo ya tsiro a gonar. Ranar da ta gan shi, takanas ta zo ta shaida wa Baba: "Malam, ba ni na dasa ba, Allah ya hiddo shi." Ba ta son ko inuwar zargi.

Baba ya rasu bayan an kai ni ɗaki a Tawa. Wana ya dawo daga Abijan, aljihu babu nauyi, baki kuwa cike da labari. Ya bi ta hanyar Barmu ya ga hatsi ya fi tsayinsa a inda ya bar tsakuwa, ya kuma ji cewa yanzu ana yi wa gonaki takarda. Bai yi wata-wata ba ya kai magana gaban maigari.

Na zo gida a kan maganar, na tsaya daga bayan darni tare da mata. Maigari ya nemi shaida. Wana ya ce ba sai an wahalar da kowa ba, a tambayi Gwaggo da kanta. Maigari ya juya ya ce, "Baiwar Allah, kina kai dami gidansu?"

Ta ce, "Ina kaiwa. Ban taɓa hwashi ba."

Shi ke nan shari'a ta ƙare. Da ta yi ƴan shekaru tana noƙewa, kamar yadda wasu ke yi, da an samu abin jayayya. Amanarta ce ta zama igiyar da aka ɗaure ta da ita. Maigari ya roƙi wana ya bar mata ko rabi, albarkacin zumunci. Wana ya ce shi ma yana da bakunan ciyarwa.

Kuma ba ƙarya ya yi ba. Gonarmu ta fadama an raba ta tsakanin magada har ta koma kamar tabarma. Al'ada na bayansa, hukuma na bayansa. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, babu inda zan kama shi. A gida na ce masa kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Ya ce, "Ke da ke gidan wani, mi ya haɗa ki da gona?" Inna ta ce in rufe baki, ba a raba ƴan'uwa a kan bare. Na koma Tawa, in an tambaye ni ƴar wane gida ce, sai in ji nauyin faɗa.

Kakar da ta biyo baya na je gaida Inna. Wana ya girbe hatsin da bai taɓa ganin irinsa ba, daga ramukan da bai haƙa ko ɗaya ba. Surutun gari ya dame shi, sai ya zaɓi dami mafi girma ya ba matarsa ta kai wa Gwaggo, wai sadaka.

Muna tsakar gida muna sussuka, rana ta take, sai ga sallama. Gwaggo ce, damin a kanta, ta ratso tsakiyar gari da shi kamar yadda ta saba. Ta tsufa, wuyanta na rawa. Na tashi in kama mata, ta ce in bari. Ta sauke shi a gindin rumbu, daidai inda Baba ke karɓa. Ta gaida Inna, ta tambaye ni mutanen Tawa, babu ko ɗaure fuska.

Wana ya fito yana inda-inda: "Haba Gwaggo, ai naki na."

Ta kakkaɓe gammonta ta ce, "Ɗana, gidan ga kawowa na saba, ban saba amsa ba."

Ta fita. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har na kasa ɗaga ido in dubi Inna. Damin ya yi ta zama a gindin rumbu, ba wanda ya iya sa shi ciki, ba wanda ya iya sussuka shi. Kaji suka cinye.