Mazan Zuma a Akwatin Baba

Ranar wata Laraba ce bayan la'asar, a shekarar da na shiga aji huɗu na firamare a Gulma, lokacin ɗorawa ta yi jan furenta, Baba ya ce in buɗe tafin hannuna. Muna tsaye a gindin mangwaron garkarmu, hayaƙin busasshen kashin shanu yana tashi daga wani tsohon gwangwani, ni kuwa na naɗe fuska da gyalen Inna, idanu kawai a waje. Na miƙa hannu, sai ya aza mini ƙudan zuma guda, ƙato, mai manyan idanu kamar sun cinye masa kai. Na runtse ido ina jiran harbi. Shiru. Tafiyarsa kawai nake ji a fatar hannuna, da wani ƙugi mai kauri. "Wanga namiji na, Kulu," in ji Baba. "Ba shi harbi, ba shi zuwa hure, ba shi tsaron ƙohwa. Ci kawai da kwana." Ina shirin roƙonsa ya bar mini shi in kai wa ƙawayena su gani, sai ya sa yatsa biyu ya ɗauke shi, ya murtsuke, ya goge hannu a gefen rigarsa. Ban yi kuka ba, don Baba ba ya son kuka a wurin zuma, amma har muka koma gida ban buɗe tafin nan ba.

Kafin wannan lokaci Baba mutumin sama ne. Da ciyawa yake saƙa amya, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara ta, ya ɗaura igiya a ƙugu ya haye ɗorawa ko tsamiya ya kafa ta can inda ni ko kallo sai na dafe ɗankwali. Har daga Argungu ake zuwa neman zumarsa. Ina aji biyu reshe ya karye da shi. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙashin ƙugu ya haɗu amma a karkace, daga nan Baba bai ƙara tafiya ba sai da sanda. Amyoyinsa suka ruɓe a kan itatuwa, wasu kuma aka sare itatuwan da su a kai, don a shekarun nan kowa gonar shinkafa yake faɗaɗawa, abin da ya rage kuma masu gawayi suka bi shi.

Gidan sai ya koma wuyan Inna. Shinkafar mutane take turarawa. Tun da asuba muke fara jan ruwa a rijiya, ni da ita, mu cika rabin duro biyu, ta hura wuta, ta jiƙa, ta turara, mu kwashe da zafinta mu baza a tabarmi. Aikina shi ne korar kaji da awaki daga shanya kafin a buga ƙararrawar makaranta, in na dawo kuma in juya ta da ƙafa, ƙaiƙayi na cin sawuna. 'Yar carafke ma a bakin shanya nake yin ta, ido ɗaya a kan duwatsu ɗaya a kan akuyar maƙwabta. Sau da yawa a aji barci ke sace ni, sai dai in ji allin malam ya sauka a goshina, 'yan aji su kwashe da dariya. Inna ba ta taɓa cewa ta gaji ba, amma in ta sallame sallar azahar takan daɗe zaune a kan buzu, hannuwanta a cinya, ba lazimi take yi ba, ba kuma barci ba. Baba yana ganin duk wannan daga zaure. A lokacin ne ya fara maido da kwanon tuwonsa da saura. In na kai wa Inna sai ta leƙa, ta rufe, ta ce in je in ce masa miyar ce ba ta yi ba? Shi kuma ya ce a'a, cikinsa ne ya cushe.

Ana haka wani malamin gona mai suna Bulus, mutumin Filato da ke zaune a Birnin Kebbi, ya zo garinmu a kan babur da labarin akwatin zuma. Akwati ne dogo mai ƙafafu, a ƙasa ake ajiye shi, an jera 'yan sanduna a samansa, kowace sanda zuma ya rataya saƙarsa a jikinta, sai ka ɗago ka duba ka mayar. Ba hawa, ba igiya. Aka ba Baba uku. Ranar da aka kawo su na ga haƙoransa, abin da na daɗe ban gani ba. Zuma ya shiga biyu, ɗaya ya ƙi. Daga cikin biyun kuma ɗaya ya gudu a makon da aka yi feshin magani a fadama. Ya rage guda ɗaya tak, a gindin mangwaro, kuma a kan wannan akwati Baba ya ɗora duk abin da ya rage masa na sana'a. In ya tashi da safe can zai ɗingisa, in an tambaye shi a masallaci ya aiki, yana da abin da zai amsa.

Shekara da shekaru Baba yana ɗiban zuma a amya, amma bai taɓa zama ya kalli cikin gidansu da rana tsaka ba sai a akwatin nan. A nan ya ga ɗakunan 'ya'ya iri biyu ne. Na ma'aikata ƙanana ne, murfinsu a shafe. Na maza kuwa manya, murfinsu ya yi tudu kamar an jera gujiya, yawanci a gefen saƙa. Ya kuma ga yadda mazan ke yini a kan zuma, har ma'aikata na ba su a baki. Tun daga ranar ya sa musu ido. Duk mako biyu sai mu je da wuƙa da ƙwarya, ni ina riƙe da gwangwanin hayaƙi, shi yana ɗago sanda ɗaya bayan ɗaya, duk inda ya ga tudu ya yanke ya jefa a ƙwarya, manyan da suka riga suka fito kuma ya bi su da yatsa. Ni ke kai wa kaji abin da aka yanke. Suna wawaso, fararen tsutsotsin na motsi, ni ina kau da kai ina salati. Wata rana na ɓoye manya uku a gwangwanin madara, na huda murfin, na sa musu auduga da ruwan sukari, na tura ƙarƙashin gadon Inna. Kwana biyu suka yi suka mutu. Na haƙa rami a bayan rumbu na binne su, ban gaya wa kowa ba.

Inna ta taɓa yi masa magana sau ɗaya, tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. "Malam, su da sunka gina ma su ɗaki, sun hi ka sanin dalili. Allah bai yi abu banza ba." Baba ya ce ita shinkafa ta sani, ta bar masa zuma. Ta ci gaba da tankaɗenta.

Da zafi ya kankama, akwatin ya cika maƙil, wata safiya sai muka ji ƙugi kamar jirgi. Tsohuwar uwarsu ce, wato sarauniyar da ke yi musu ƙwai, ta tashi da rabin jama'arta, kamar yadda suke yi in gida ya yi musu kaɗan. Suka yi ta kewaya garka, suka je suka dunƙule a wani reshen tsamiya, can ƙoli. Baba ya ɗingisa har gindin tsamiyar. Ya ajiye sanda, ya dafa kututturen da hannu biyu, ya ɗaga ƙafarsa mai lafiya ya sa a wani gurbi. Ina bayansa ina kallo. Ya daɗe a haka, sannan ya sauke ƙafar ya ce in miƙo masa sandarsa. Kafin azahar dunƙulen ya watse, suka yi gabas. A hanyar gida ya ce kada in damu, waɗanda suka rage sun yi sabuwar uwa, ya ga ɗakinta da idonsa, gida zai sake cika.

Bai cika ba. Bayan kamar wata guda muka buɗe, sai ga tudu ko'ina, ba a gefe kaɗai ba, har tsakiyar saƙa inda ma'aikata ke fitowa. Baba ya yi tsaki ya sa wuƙa. Mako biyu muka dawo, tudun ya fi na da. Ya sake yankewa, yana cewa bai taɓa ganin marasa kunya irin waɗannan ba. Ƙwarya ta cika, na juye wa kaji na dawo, ta sake cika. Ma'aikatan kuwa kullum raguwa suke, ƙofar da a da ba ka iya tsayawa kusa da ita ta koma sai ɗaiɗai ke shiga da fita. Ni dai na gaji da hayaƙi, na gaji da ƙwarya, na gaji da ganin Baba yana dawowa gida ba ya magana.

Inna ce ta aika aka kira Malam Bulus. Ya zo da hantsi, ya ɗago sanda biyu ya duba, ya tambayi Baba tun yaushe yake yanke mazan. Baba ya gaya masa, har da 'yar alfahari. Malam Bulus ya cire hularsa ya share gumi. Ya ce sabuwar uwa sai ta fita sama ta haɗu da maza, a 'yan kwanakin farkon rayuwarta, sannan take iya haihuwar ma'aikata. In ba ta samu ba har lokacin ya wuce, ƙwai za ta yi ta yi, amma duk maza. Ya ce a da ko Baba ya yanke nasa ba komai, mazan wasu amyoyi sun ishe ta, to amma yanzu ina amyoyin, ina itatuwan? Ya ƙara da cewa mai yiwuwa kuma wani abu ne daban ya same ta, Allah kaɗai ya sani, kada Baba ya ɗora wa kansa. Baba bai ji wannan ƙarshen ba. Yana kallon wani namijin zuma da ke tafiya a bayan hannunsa. "Ashe suna da aiki," ya ce. Malam Bulus ya ce, "Suna da shi, Baba. Na rana ɗaya ne, amma in babu shi babu gidan."

Akwai sauran zuma a saƙa biyu. Malam Bulus ya ce a kwashe tun kafin asu ya shiga, tunda gidan ba zai tashi ba. Azumi ya kusa, kuma na san Inna ta sa rai da zumar nan don kunun buɗe baki. Baba ya mayar da sandunan ɗaya bayan ɗaya, ya rufe akwatin, ya ce a bar musu su cinye abinsu.

Da muka isa gida ni na ba Inna labari, tana kwashe tuwo, Baba na zaune a bakin ƙofar ɗaki ya sunkuyar da kai. Na zaci za ta yi faɗan zumar, ko ta tuna masa maganarta. Sai ta cika kwanonsa har ya yi tozo, ta ɗauka da kanta, abin da ni ke yi kullum, ta durƙusa ta ajiye a gabansa. "Malam," ta ce, "mu gidan ga ba mu taɓa ƙidayar lomarka ba. Kai ɗai ka ƙidaya." Ta tashi ta koma bakin murhu. Baba ya daɗe bai taɓa kwanon ba. Da na zo ɗauka bayan sallah, na tarar da kwanon a wanke, ko loma bai rage ba.

Kafin ruwan farko akwatin ya mutu. Baba bai sake kiwon zuma ba, igiya ya koma tufkawa a zaure har Allah ya karɓi abinsa, ina aji uku na sakandare. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Inna.

Yau ina zaune a unguwar Gesse a Birnin Kebbi, a gida mai siminti tun daga ƙofa har bayan ɗaki, ko tsiro ɗaya babu. Zumar da nake saye a kwalba ɗanɗanon ƙonannen sukari take yi, 'ya'yana kuma ba su taɓa ganin saƙa ba sai a waya. Na kai shekarun Inna na wancan lokaci, na san irin gajiyar da ba a faɗa. Gidana ba ya rabuwa da mai jinya daga ƙauye da aka kawo asibiti, ko ɗan'uwan da aiki ya ƙare masa, kuma ina ganin yadda suke cin abinci a ɗarare, suna satar kallona. Wani lokaci raina yakan ɓaci, ba zan yi ƙarya ba, sai in yi istigfari. Abin da na iya kawai shi ne in cika kwano, in ajiye, in fita daga ɗakin.