Marin da Na Ɗauka a Waya

Shekara shida ina shiga motar maƙwabcinmu zuwa wurin aiki. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu a Arkilla, kuma makarantar sakandare ɗaya muke koyarwa, ni Hausa, shi lissafi. Mutumin Filato ne, Kirista, ya zo Sakkwato yana saurayi tun ba a haife ni ba, har Sakkwatanci ya zauna a bakinsa fiye da na wasu 'ya'yan Ƙofar Kware inda na tashi. Baba nake ce masa, matarsa kuma Mama. Shi a makaranta Malama yake ce mini, a gida ɗiyata. Mama tana da shagon ɗinki a kan hanyarmu, don haka kullum ita ce a gaba, ni a baya tsakanin littattafan ɗalibai da ledojin yaduka. Saboda ita ne ma maigidana ya yarda in riƙa bin su.

Motar tsohuwa ce mai launin toka, gilashin baya ɗaya ba ya sauka. Amma takardunta ba su taɓa mutuwa ba. Baba yana ajiye su cikin wata jakar roba a jere, lasin a sama, inshora a ƙasa, kamar takardun jarrabawa. Bai taɓa miƙa wa ɗan sanda ko sisi ba, kowa ya san haka. Idan aka tsayar da mu aka ce a ba da na ruwa, sai ya miƙa jakar robar ya jira. Yawanci sukan gaji su ce mu wuce. Wasu ma ɗalibansa ne na dā, su sara masa suna dariya.

Ranar da abin ya faru bazara ta kai tsakiya. Ƙarfe bakwai da 'yan mintoci amma kujerar mota ta riga ta yi zafi. Mun iske sabon shinge kafin mu shiga gari, tayoyi biyu da katako mai ƙusoshi, 'yan sanda huɗu waɗanda ba mu taɓa gani ba. Wanda ya ɗaga mana hannu gajere ne mai kauri, idanunsa ja kamar bai yi barci ba. Ya karɓi jakar robar, bai buɗe ba, ya ɗora ta bisa rufin mota.

"Tsoho, ba takarda muka tambaya ba. Rana ta yi, a ba mu na ruwa."

"Takarduna sun cika, ka duba," in ji Baba. "Aji ni ka zuwa, yara na jirana."

Ɗan sandan ya zura hannu ta taga ya zare makulli. Baba ya buɗe ƙofa ya fito a hankali, don gwiwarsa tana damunsa. Na ji ya ce, ba da faɗa ba, "Ɗana, mi na yi? In laihi na yi ka hwaɗa min. Kuma ina son in san sunanka."

A nan na fito da wayata. Har yau ban san abin da ya sa ba. Na riƙe ta ƙasa-ƙasa, gefen hijabina ya rufe rabin hannuna, na saita ta tsakanin kujerun gaba.

Marin bai yi ƙara sosai ba. Tabarau ɗin Baba ya faɗi kan kwalta, ido ɗaya ya tsage. Ya sunkuya zai ɗauka, ɗan sandan ya danna kafaɗarsa ya ce ya zauna nan, tunda sunan mutane yake nema. Baba ya zauna a ƙasa, cikin rigarsa fara da Mama ta goge, ƙafafunsa a miƙe kamar yaro. Mama ta fita tana cewa don Allah, don Allah, dattijo ne, malami ne. Masu Keke suna wucewa suna rage gudu su kalla, su miƙa abin da za su miƙa, su ƙara gaba. Ni ban fita ba. Ina zaune ina ɗauka.

Babban cikinsu, wanda yake zaune ƙarƙashin dogon yaro, shi ya taso daga baya ya karɓi makullin ya jefa kan kujera, ya ce mu ɓace. Muka sauke Mama a shagonta, muka wuce makaranta. Baba ya shiga ajinsa da fasasshen tabarau da shatin yatsu a kunci, ya koyar da darasi uku. Da wani malami ya tambaye shi, sai ya ce ƙofar mota ce ta buge shi.

Wannan amsar ce ta fi ƙona mini rai. Na yini ina kallon bidiyon a ɗakin malamai. Bayan la'asar, ina zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, na tura shi zauren waya na tsofaffin ɗaliban makarantarmu, na rubuta a ƙasa cewa ga abin da aka yi wa malaminku yau da safe. Katanga ɗaya ce tsakanina da shi. Ina jin muryar Mama tana kiran kaji. Ban leƙa na tambaye shi ba.

Kafin magariba bidiyon ya fita daga hannuna. Washegari ƙanena ya turo mini shi daga Kano yana tambaya ko na san wurin, bai san ni na ɗauka ba. Da farko na ji daɗi. Mutane suna tsine wa azzalumai, kowa yana ba da labarin nasa, wannan an karɓe masa waya, wancan an tsare shi da mara lafiya cikin mota. Na ce a raina to, yau dai an gani.

A kwana na biyu rubutun da ke ƙarƙashin bidiyon ya fara canjawa. Akwai ƙaramin gicciye na katako da ke rataye a madubin motar, ya fito a gefen hoton yana lilo. Wani ya zagaye shi da jan layi, ya rubuta cewa ga yadda ake yi wa Kirista a Sakkwato. Wasu suka taso masa, suka ce ƙarya ne, tsohon ne ya zagi hukuma, wani ma ya rantse a buge yake, ya san shi. Mutumin da ko lemon kwalba ba ya sha saboda ciwon suga. Aka bar maganar mari aka koma zagin juna. Wani tsohon ɗalibi, da niyyar kare shi, ya rubuta cikakken sunansa da makarantarsa da layin gidansa. Aka yanko wurin da yake zaune a ƙasa aka sa masa kiɗa.

Maigidana ya shigo da wayarsa a hannu ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki.

"Daga kujerar baya anka ɗauki wanga abu," ya ce. "Wa ke zama kujerar baya?"

Na ce ni ce.

"Kin tambaye shi?"

Na ce a'a. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce in goge daga wayata, kuma kada in sake buɗe baki a kai. Na goge, kamar hakan zai rage wani abu.

Ranar Laraba aka kira Baba ofishin 'yan sanda. Mama ce ta ba ni labarin, muna tsaye a bakin famfo, ba ta kalli fuskata ba. Ya je tun safe, aka ajiye shi kan benci har bayan azahar. Ba wanda ya taɓa shi. Tambaya ɗaya suke maimaitawa, wa ya ɗauki bidiyon. Ya ce shi yana ƙasa, tabarau ɗinsa ya fashe, bai ga kowa ba. Daga ƙarshe aka kawo wanda ya mare shi, aka ce su yi musabaha, aka ɗauki hoto. Aka ba shi wata takarda ya sa hannu cewa rashin fahimta ne kuma an sasanta. Hoton ya fito da yamma. Baba yana kallon ƙasa, ɗan sandan yana kallon mai ɗauka. Mutanen da suka yi kwana uku suna kare shi suka ce an saye shi.

An ce an ɗauke ɗan sandan daga hanyar. Wataƙila gaskiya ne, don ban sake ganinsa a nan ba. Bayan wata biyu na hango shi a wani shinge wajen Ƙofar Dundaye, yana leƙa cikin wata motar haya.

A makaranta shugaba ya kira Baba ya ce ma'aikacin gwamnati ba ya kai ƙara ta waya, akwai hanyar da ake bi. Baba bai ce ba shi ya kai ba. Ɗalibai kuma sun gani, dukansu. Ba su yi masa rashin kunya ba, amma idan ya juya yana rubutu a allo sai ajin ya yi wani irin shiru wanda ba na darasi ba. Ni da nake ajin da ke kusa ina jin shirun ta bango.

Mun ci gaba da tafiya tare kusan mako uku. Yanzu kowane shinge ya san motar. Ba a sake marinsa ba, ba a ma ɗaga masa murya. Sai dai a ce ya faka gefe, a karɓi jakar robar, a duba takarda ɗaya-ɗaya, a buɗe but, a ce ina tayar safaya, a kira wani ya zo ya sake dubawa. Wani ya leƙo ta taga ya dube ni ya ce, "Hajiya, yau ba a ɗauka?" Sau huɗu muna isa makaranta an riga an rufe ƙofa. Mutumin da a shekara talatin ba a taɓa rubuta sunansa cikin masu latti ba.

Wata Asabar da hantsi na shiga gidansu. Yana zaune kan kujerar roba ƙarƙashin bishiyar lemo, da sabon tabarau, yana duba littattafan ɗalibai. Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, ni na ɗauka. Ni na tura."

"Na sani, ɗiyata. Na ga hannunki ta gilashi tun kahin ya mare ni."

Na ce na yi ne don a bi masa hakkinsa. Ya rufe littafin da ke hannunsa, ya ɗora biro a kai.

"Ɗaukar ba ta dame ni ba. Da kin kawo min mun kalla tare, mu san inda za mu kai shi. Ko in ce ki bari." Sannan ya ce, "Ɗana na Jos ya kira ni yana kuka. Jikata shekararta tara, a wayar wata ƙawar uwarta ta gani. Ta tambaye ni mi na sata."

Na ba shi haƙuri, na sake ba shi. Ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe, don ba mutum ne mai faɗin abin da ba ya nufi ba. Mama ta kawo mini ruwa a kofi ta koma ɗaki. A dā da ta zauna.

Ƙarshen zangon karatu ya sayar da motar. Ya ce gwiwarsa ba ta son tuƙi. Muka koma shiga Keke, amma ba tare ba, shi yakan fita kafin in gama shirya yara. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya, kuma ya sha gaya mana a Sakkwato zai zauna, nan ya binne 'yarsa ta fari, nan abokansa suke. Bai jira ba. Ya ajiye aiki da damina ta gaba, ya ce Filato zai koma. Ranar da babbar mota ta zo kwasar kaya, na taya Mama naɗe labule da ɗaure tukwane. Ta bar mini tsohon kekenta na ɗinki, ta ce ba wuri a motar. Baba ya yi sallama da maigidana a ƙofar gida, ya ce mini in riƙe aiki da kyau, in daina barin littattafan yara suna taruwa.

Muna gaisawa a waya da sallah da Kirsimeti. Maganar ba ta wuce minti biyu.

Kwanan baya gwaggona ta Ƙofar Kware ta turo bidiyon zauren danginmu. Ya dusashe saboda yawan turawa, fuskar Baba da ƙyar ake gane ta, amma ana jin muryar Mama tana roƙo. An rubuta a ƙasa cewa jiya abin ya faru, a wata jiha can kudu, kuma tsohon ya mutu a asibiti. Na rubuta cewa tsohon bidiyo ne, a nan Sakkwato aka yi, mutumin yana nan da ransa, na san shi. Ba wanda ya amsa. Wata 'yar kawuna ta sa hoton fuska mai hawaye, sannan aka shiga maganar ankon biki.