Jego Biyu a Wata Ɗaya

Lami matar ƙanena ce, marigayi Badaru. Daga Baure aka kawo ta Daura, kuma ba ta daɗe ba matan unguwa suka gane tana da hannu a wankan jego. Ita ke hura wutar ruwan, ta tsinko ganyen darbejiya, ta dama kunun kanwa, ta tsare maijego har ta yi arba'in. Yawancin samarin da ke wucewa ta ƙofar gidana a kan babur, ita ta yi wa iyayensu mata wanka.

Aure ya kai 'ya'yanta mata biyu Amurka. Amatullahi, 'yar farinta, tana jihar Texas, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, mijinta kuma direban babbar mota ne, ba ya zama. Hadiyya, auta, tana jihar Washington, ita da mijinta duk aikin ofis suke yi. Lami ba ta faɗin sunan babbar, kamar yadda iyayenmu suka saba da ɗan fari. "Ta Texas" take cewa, shi ma sai ya zama dole.

Bara aka ba ta biza. Sai ga shi su biyun suna da ciki, kuma wata ɗaya likitoci suka ba su. Na Hadiyya shi ne na fari, na Amatullahi na uku. Lami ba ta damu ba. A tunaninta za ta yi wa wannan wanka da safe, ta shiga mota ta je ta yi wa waccan da la'asar.

Ɗanta Mainasara, wanda ke neman tikiti, shi ya nuna mata taswira a waya.

"Inna, tsakaninsu ya ninka nisan Daura da Legas. Ai ba Daura da Kongolam ba ne."

"Ba duk Amurka ba ce?"

"Amurka ce. Amma ɗaya za ki zaɓa, kuma mai sayar da tikitin ya ce zuwa Alhamis."

A al'ada babu wani zaɓi. Haihuwar fari ita ke da uwa. Surukar Hadiyya ma ba ta jira an gaya mata ba, ta taso daga gidansu da ke kusa da Kusugu da ƙullin kanwa da yaji da daddawa, ta ce a kai wa maijego. Kafin ta iso ta riga ta shaida wa duk gidan da ta biya cewa wurin Hadiyya Lami za ta je.

Hadiyya ta kira tana dariya. Ta zagaya da wayar ta nuna ɗakin da aka gyara wa Inna, da gadon jariri.

"Inna, nan jiharmu in kin haihu kusan wata uku za ki yi a gida, ana biyanki. Shi ma maigidan za a ba shi hutu. Ke dai ki zo ki huta, ki yi ƙiba."

"Har da namiji? Jegon me zai yi?"

"Wankin kwanuka, Inna."

Washegari Amatullahi ta kira daga cikin mota, a lokacin cin abincinta, da rigar aiki a jikinta. Lami ba ta karɓi wayar ba. Ta zauna gefe tana tsince shinkafa, Mainasara na riƙe da ita.

"Tambaye ta hutun nawa za su ba ta."

"Ina jin ki, Inna," in ji Amatullahi. "Wurin aikinmu in ba ki je ba, ba a biya. Nan ba kamar jihar su Hadiyya ba ce. Sati biyu zan yi in koma."

"Tambaye ta wa ya yi mata wanka a na biyu."

"Akwai ruwan zafi a famfo. Ki je wa Hadiyya, na fari ne, tsoro take ji. Ni na saba."

Ta gyara zama don ta sha ruwa, wayar ta karkata. Mainasara ya ce shi bai ga komai ba. Lami kuwa ta ga ƙafar a kumbure, ta ga takalmin da aka kwance wa igiya don ya shiga. Ba ta ƙara tambaya ba. Shinkafar ma a nan ta kwana.

Ranar Laraba ta same ni a zaure. Muka gaisa, ta zauna.

"Yaya, in na je can, za a ce na nuna son 'yar fari. Za a ce na kunyata auta a gaban dangin miji."

Na ce za a ce.

"In kuma na je wa auta, ba wanda zai ce komai. Har ita ta Texas ɗin."

Na ce ni ban san jego ba. Na dai tambaye ta, a shekarun da ta yi tana wannan aiki, idan haihuwa biyu ta zo mata rana ɗaya, gidan wa take fara shiga.

Ta dubi ƙasa. "Gidan da ban ga hayaƙi ba."

Ta tashi, ta ɗauki ƙullin surukar da kanta ta mayar. Abin da aka gaya mata a wancan gida ba ta faɗa mini ba, amma ba ta daɗe a ciki ba, kuma ba wanda ya rako ta ƙofa. Da ta dawo ta ce Mainasara ya kira mata Hadiyya, ta karɓi wayar da hannunta.

"Auta, kina da miji a gida, kina da hutu. Zan gaya masa yadda ake dafa ruwan."

Mainasara ya leƙo ya duba ko layin ya yanke.

"To, Inna," in ji Hadiyya. "Allah ya kiyaye hanya."

Lami ta yi wata huɗu a Texas. Amatullahi ta koma aiki kamar yadda ta faɗa, amma kullum ta dawo tana tarar da ruwa a kan wuta, har ta cika arba'in. Hadiyya ta sauka lafiya, namiji. Tun da Lami ta dawo Daura, hotunan yaron suna zuwa a kai a kai, ta wayar Mainasara. Idan sun zo yakan kai wa uwarsa, ta duba, ta sa albarka, ta miƙa masa wayarsa.