Ƙayar Ranar Juma'a

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. Lokacin da abin da zan faɗa ya faru, ni ma'aikaci ne a wani kamfanin gyaran itatuwa a Madina, kuma in faɗi gaskiya ina ji da kaina. Daga wani ƙauye nake a wajen Dutse, tun ban iya wanke kaina ba nake hawa dabino, saboda haka da na zo ƙasar nan sai na tarar aikin da ake biyan mutane a kansa wasan yarinta ne a wurina. In an ga dogon dabinon da kowa ke ja da baya, ni ake kira. Abinci da kuɗin makarantar mutanen gidanmu duk daga hannuna na dama suke fitowa, amma ban taɓa kallonsa a matsayin abin da zai iya ƙarewa ba.

A kamfani akwai ƙa'idar da ba a wasa da ita. Kafin mutum ya cusa hannu cikin kan dabino, sai ya bi gindin rassan da lauje ya karkaɓe ƙayoyin nan dogaye ɗaya bayan ɗaya, abin da Larabawa ke kira tashwik. Aiki ne mai cin lokaci da ban haushi. Safar hannu mai kauri da ɗamarar hawa kuwa na kamfani ne, ranar Alhamis da yamma ake mayar da su sito a kulle. Sai dai kusan dukkanmu muna da aikin gefe ranar Juma'a a gidaje da gonakin mutane, da igiya da lauje kawai. Mun san iƙamarmu, wato takardar izinin zama, ba ta yarda mu yi wa kowa aiki ba sai kafilin da ya kawo mu, mun kuma san wanda aka kama zai iya ganin kansa a jirgi. Kowa dai ya ja bakinsa ya yi shiru, don albashin ba ya kai wata.

Wata Juma'a na je unguwar Ranuna gidan wata Hajiya tsohuwa, wadda iyayenta Kanawa ne amma a nan aka haife ta, Hausarta rabi Larabci. Dabinai ne 'yan kaɗan a bayan gida, sun daɗe ba a taɓa su ba, kawunansu sun cunkushe. Na makara wajen fitowa, ga shi ina so in gama in sami sallar Juma'a a Harami. Da ta ga na haye ban fara da ƙayoyin ba, sai ta ɗaga murya daga ƙasa ta ce, ɗana, marigayi maigidana bai taɓa shiga kan dabino ba sai ya yi tashwik. Na yi dariya na ce mata kada ta damu, mu da dabino mun san juna. A dabinon ƙarshe ne reshe ya goce, na kai hannun dama in tare, ƙaya ta shige gaɓar manuniyata har sai da na ji ta a ƙashi. Na fizge, na ga tsinin ya karye, ragowar tana ciki. Hajiya ta ga jini ta ce ɗanta ya kai ni mustashfa, wato asibiti, a mota yanzu-yanzu. Na naɗe yatsan da ƙyalle na ce ai ba komai, na wuce masallaci.

Abin da ya hana ni zuwa asibiti tsoro ne, ba jarumta ba. Na ƙudura a raina cewa da na miƙa hannun za a tambaye ni inda ƙayar dabino ta same ni ranar hutu, daga nan magana ta kai kamfani, daga kamfani ta kai ga hukuma. Sai na koma ɗakinmu a Aziziyya na shiga gasa yatsan da ruwan zafi da gishiri, ina shafa man habbatussauda. Akwai wani dattijo Badamagare da muke ɗaki ɗaya, Baba nake ce masa. Ya duba yatsan ya girgiza kai, ya ce ƙayar dabino ba irin ta aduwa ba ce, in ta karye a gaɓa ba ta fitowa da kanta, ya taɓa ganin wanda ta nakasa. Ya ce in ma korar ce, gara a kore ni da hannuna. Na ce masa Baba ka cika tsoro. Wallahi har yau in na tuna wannan maganar sai kunya ta kama ni.

Haka na ci gaba da fita aiki, safar kamfani tana rufa mini asiri. Yatsan ya kumbura ya yi sheƙi, zogi ya hau har gwiwar hannu, zazzaɓi ya fara zuwa yana tafiya. Na je wurin wani Bakano mai sayar da magani, karon farko ya ba ni na rage zafi. Da na koma ya ga hannun, ya ƙi ba ni ko ƙwaya ɗaya, ya ce ya haɗa ni da Allah in tafi asibiti a ranar. Na ce to, na fita na nufi wani shagon. Makonni suka shige a haka, har wata safiya ina tsakiyar hawa na ce wa hannuna ya riƙe igiya ya ƙi. Ɗamarar ce ta tare ni, na yi ta lilo abokan aiki suna salati. Da aka sauko da ni safar ta ƙi fita, sai da aka yanka ta da almakashi, warin da ya tashi ya sa kowa ya kau da kai.

Mudir, wato shugabanmu a wurin aiki, shi ya kai ni asibiti da kansa. Likita bai tambaye ni a ina ba, bai tambaye ni gonar wa ba. Abin da ya tambaya kawai shi ne tun yaushe, da kuma me na tsaya jira. An yi aiki an ciro guntuwar ƙayar, ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, amma ruɓa ta riga ta ci gaɓar. Aka cire manuniyar, yatsu biyu na kusa da ita suka sandare. Daga baya mudir ya ce mini ya daɗe da sanin inda muke zuwa ranar Juma'a, da na zo masa a ranar, iyaka ya yi mini faɗa ya ja mini kunne. Na juya fuskata bango na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Kamfani bai kore ni ba, an mayar da ni ban ruwa da kwashe rassa a ƙasa, albashi ya ragu, kuma ban san ko za a sabunta mini zama ba. Ina tsaye da tiyo ina kallon waɗanda na koya wa hawa suna can sama.

'Yan uwana masu wannan sana'a, ba zan ce ban san abin da ke fitar da mu ranar hutu ba. Amma aikin da za ka yi ba kayan kariya, cikin gaggawa, kana waige-waige, ka bar shi, doka ma ba a banza ta hana ba. In kuma tsautsayi ya riga ya faɗa, kada ka ɓoye ciwo don tsoron tambaya. Ni ɓoyon ne ya cinye mini hannu, kuma har yanzu ban gama da shi ba. Mahaifiyata ba ta sani ba. Duk sanda muke magana ta bidiyo, da hannun daman nake riƙe wayar, don nan ne kaɗai ba za ta gan shi ba.