Wutar Babur ɗin Ɗan'ige

Duk wanda ya zauna Gwandu zamanin En'e ya san ba a miƙa wa Ɗan'ige hannu. Kana cewa salamu alaikum, zai danƙa maka wayar fulogi, ya ce, "Ɗan riƙa mini wagga." Kafin ka ce mene ne, ya taka kik ɗin babur. Ni taubashinsa ne, don haka na fi kowa shan wannan azaba, kuma ga shi har yau ba na iya tuna shi ban ji kewa ba.

Babur ɗin tsoho ne mai silinda biyu, yana kiransu Hassan da Husaini. In ya ƙi tashi, da ihun mutum yake auna wutar. Ka ce "Kai!", wuta ta yi rauni. Ka ce "Wayyo!", da dama. In ka zage shi, sai ya washe baki: "Madalla, Husaini ya falka!"

Shi kuwa bai taɓa riƙewa ba. Na ce, "To kai fa?" Ya ce, "Ni makanike na, ba ma'auni ba." Ji mutum!

Sabon fulogi? Haram. Sai dai ya cusa tsohon cikin murhun matarsa, ya ƙone baƙin. Ta ce tuwonta yana warin fetur. Ya ce, "Shi ya sa nika da gudu."

Wata damina muna noma a Kalgo, maciji ya sari 'yata Hajo. Asibiti sai Birnin Kebbi, abin hawa kuma sai wannan babur, wanda ya sha ruwan sama ya ƙi ko tari. Ƙafar yarinya sai kumbura take yi. Ɗan'ige ya ɗaga waya ya duba jama'a, kowa ya ɓoye hannu a bayansa. Na miƙo nawa, ya ture shi.

"Kai taka kik. Ƙahwarka ta fi tawa ƙarfi."

Ya damƙe wayar da kansa. Na taka, shiru. Ya buɗe maganeto, akwatin da ke haifar da wutar, ya goge laimar da ke ciki da bakin rawaninsa, ya sake damƙewa. Na taka da iya ƙarfina. Sai ga Ɗan'ige zaune a cikin taɓo, yana ihu, "Wayyo inna! Ɗan'ige, Allah wadanka!"

Ya miƙe, ya mayar da wayar a kan fulogi, ya ce, "Kun ji zagi? Ɗauko ta."

Hajo ta rayu, yanzu har da jikoki. Bayan nan ko an tsokane shi, cewa yake santsi ne ya kayar da shi.

Da hannun dama ya riƙe wayar nan, na gani da idona. Ya Allah, ka ba shi littafinsa a wannan hannun, ka yi masa rahama. Amin.