Ƙyallen Jirgin Babana

Komai zan manta a zamana na Jidda, ban da ranar da muka fitar da jirgin babana teku.

Babana a Bor Sudan ya girma, a bakin ruwa, kuma da ya ajiye aikin sito a nan sai zama ya gagare shi. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya leƙa taga, ya sauka ƙasa, ya dawo. Gidanmu a unguwar Ruwais yake, iskar teku na shigo masa tana ƙara tunzura shi. Rannan sai ga shi da labarin wai shi da wani abokinsa ɗan ƙasa sun sayi tsohon jirgin iska, ƙarami, tsawonsa mita shida, da ɗan ɗakin da mutum biyu za su miƙe. Komai nasa lafiya in ban da shira'i, wato ƙyallen da iska ke turawa, wanda rana ta cinye.

Ni tamfal da rumfunan mota nake ɗinkawa a unguwar Khumra, don haka aikin a kaina ya faɗo. Na je na gwada sandar tsakiya, na duba jirgin. Siriri ne, faɗinsa bai fi mita biyu ba, ƙarfen da ke riƙe shi a ƙarƙashin ruwa kuma gajere ne. Na ce wa Baba a rage tsayin ƙyallen, don babba zai kwantar da jirgin. Ya ce shi har ƙolin sanda yake so, irin na jiragen ƙuruciyarsa.

"Ya waladi, ɗana, tsufa na yi, ba mutuwa na yi ba," in ji shi.

Ummata ta ja ni gefe ta roƙe ni in yanka ƙarami, in ce yadin ne bai kai ba. Na rasa sukuni. Na shimfiɗa yadin a ƙasan shago, in ɗauki almakashi in ajiye, in zana da alli in goge. Ƙarya ga mahaifi ba zan iya ba, tura shi cikin hatsari ma ba zan iya ba. Daga ƙarshe na yanka yadda yake so, amma na jera ƙananan igiyoyi layi biyu a jikin ƙyallen, yadda za a iya sauko da shi a naɗe ƙasan a ɗaure. Da ya gani ya taɓe baki, ya ce wannan kayan matsorata ne.

Muka fita daga gaɓar Ubhur da hantsi, ni da shi, abokinsa na bin mu a kwale-kwalen inji. Ruwa lumui, ƙyalle ya cika, Baba na riƙe da sandar tuƙi yana waƙa. Rabon da in ga haƙoransa haka tun ina yaro. Bayan azahar iskar arewa ta taso. Jirgi ya karkata har gefensa ya sha ruwa, butar shayi ta gangara, ni kuwa na ƙanƙame igiya ina salati a zuci. Bakina ya cika da magana, amma na haɗiye. Baba ya dubi ƙolin sanda, ya dubi ƙafafuna da ruwa ya rufe, sai ya ce:

"Halas, ya isa haka, sauko da shi. Ɗaure layi na biyu."

Na sauko da shi na ɗaure. Jirgi ya miƙe, Baba ya juya mu da kansa har bakin gaɓa. Bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba. Ya shekara yana fita kafin gwiwa ta hana shi.

Abin da na koya shi ne, babba ba a yanke masa hukunci a bayan idonsa. Ka ba shi abin da ya nema, ka tanadar masa hanyar sassautawa, ka bar shi ya furta da bakinsa.